Hazon Chadi, ruwan Sokode: abubuwan mamaki daga masu binciken yanayi

A Togo, wanda ya taso daga Tchamba ya nufi Lome zai zaci ruwan sama ƙaruwa zai yi, tunda teku ya dosa. Ina! Lome da ke bakin teku ba ta cika samun milimita 900 a shekara ba, alhali Sokode da ke can cikin ƙasa tana haura 1,200. Ruwan tekun wurin yakan yi sanyi a tsakiyar damina, sai hadari ya kasa haɗuwa, iska kuma ta riƙa bin gaɓa maimakon ta hau tudu. Shi ya sa kuka, bishiyarmu ta arewa, take tsaye har kusa da teku.

Da can ba haka wurin yake ba. Ƙurar furanni da aka tono a laka ta tafkin Sélé, kudancin Benin, ta nuna kurmi ne ya rufe yankin har zuwa kimanin shekaru 4,000 da suka wuce.

Hazon hunturu da ke fasa leɓe a Dapaong kuwa, kaso mai yawa daga kwarin Bodélé na Chadi yake tasowa. Wannan ya fi ba ni mamaki: ba yashi ba ne zalla, akwai ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu lokacin da tsohon tafkin Chadi ya ƙafe. Ƙurar Sahara tana ƙetare teku har dajin Amazon, kuma binciken tauraron ɗan'adam na 2015 ya ƙiyasta tana kai masa sinadarin fosforas tan 22,000 duk shekara. Taki kenan kyauta.

Masani ɗaya ba ya iya irin wannan aikin binciken yanayi. Cibiyar WASCAL, wadda Jamus ke tallafa wa, hedikwatarta na Akara, wurin bincikenta na Wagadugu, ta raba darussa tsakanin jami'o'i: makamashi a Yamai, nazarin yanayi a Akure, bala'o'i da tsaron rayuwar jama'a a Lome. Dassari, inda take auna ruwan sama da damshin ƙasa, tana arewacin Benin, ba nisa da iyakar Togo.

A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban fari. Duk shekara kafin shuka masana kan taru su fitar da hasashen damina. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ji hasashen nan da Faransanci kawai, alhali mai doya a Tchamba da mai gero a Dapaong tambayarsu ɗaya: yaushe ruwa zai zauna?