Yadda wasannin kwamfuta suka samu gindin zama a kan Linux

A unguwannin Zango na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, matasa da dama na amfani ne da kwamfutoci na hannu da aka shigo da su daga waje. Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu irin waɗannan na'urori ke neman mafita. Ɗaya daga ciki ita ce Linux, manhajar sarrafa kwamfuta ta kyauta wadda kowa ke da ikon dubawa da gyarawa. Sai dai tambayar farko a bakin matasa ita ce: ana wasa a kanta?

Lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finland, ya fitar da Linux a 1991, kamfanonin wasanni ba su waiwaye ta ba, domin masu amfani da ita kaɗan ne. A 1994 Dave Taylor, ma'aikacin id Software, ya mayar da wasan Doom ya yi aiki a kanta. A 1996 kuma wasu ɗalibai uku a Denmark suka saki Freeciv, wanda har yau 'yan sa-kai ke inganta shi.

A 1998 aka kafa kamfanin Loki a Amurka don mayar da wasannin Windows zuwa Linux a sayar. Ciniki bai kai ba, kamfanin ya rufe a 2002. Amma SDL, kayan aikin da babban injiniyansa Sam Lantinga ya rubuta, bai mutu ba, saboda a buɗe yake ga kowa. Masu ƙera wasanni na amfani da shi har gobe.

Daga baya kamfanin Valve ya kawo shagonsa na Steam kan Linux a 2013, sannan a 2018 ya ƙara Proton, wadda ke sa dubban wasannin Windows su yi aiki a kanta.

Ga mai tsohuwar kwamfuta a Zango, sababbin manyan wasanni za su yi mata nauyi ko da Linux ce a ciki. Amma Freeciv da ire-irensa suna tafiya lafiya, ba a biyan ko sisi, kuma duk matashin da ya iya Hausa da Turanci yana da damar fassara su zuwa harshensa.