Waɗanne manhajoji za ka bari su yi aiki a ɓoye?

A unguwar Bolewa ta Potiskum, inda wuta ke zuwa ta ɗauke kuma data da kuɗi ake sayenta, kwamfutar gida ba ta da halin ciyar da 'yan cin arziki. Kana kunna ta wasu manhajoji ke tashi da kansu, suna shan batir da data ba ka sani ba.

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Startup. Teams, Spotify da OneDrive, in ba kullum kake amfani da su ba, kashe su. OneDrive ma ya fi ɓarna, don yana iya kwashe hotunan biki zuwa intanet alhali ɗalibin gidan na jiran datar yin aikin makaranta.

Microsoft Defender kuwa kada ka taɓa shi, don shi ke kare kwamfutar daga cuta. Filashin da ke yawo tsakanin shagon buga takardu da gida yakan ɗauko cutar kwamfuta. Windows Update ma a bar shi, sai dai ka saita haɗin wayarka a matsayin mai ƙayyadaddiyar data. Masu Windows 10 su lura: Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025.