Sallar Faska: me ya sa maƙwabtanmu Kirista ke zancen hadaya alhali ba su yanka rago?

Kowace shekara idan zafin bazara ya kankama, za ku ga Kiristocin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Yamai suna ta kai da kawowa zuwa majami'a. Wata rana da ganyen dabino a hannu, wata rana ɗauke da gicciye, wata rana kuma cikin dare da kyandir. Shirin sallar Faska suke yi, wadda a nan aka fi sani da Pak, a Najeriya kuma Ista. In kun tambaye su za su ce muku sallar hadaya ce da tashi daga matattu. To, mutumin ƙasarmu da ya ji hadaya, layya ce ke faɗo masa a rai, sai ya waiga bai ga rago ɗaure a ƙofar gida ba. Ina ragon yake?

Kafin mu amsa, bari mu faɗi magana ɗaya a fili. Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, kamar yadda ya zo cikin suratun Nisa'i, Kirista kuwa a kan gicciyen nan da tashin da ya biyo baya suka kafa addininsu duka. Wannan bambanci ne babba, kuma ba mu zo mu sasanta shi ba. Aikinmu yau mu bayyana abin da Kirista suka yi imani da shi, yadda su da kansu suke faɗarsa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba a Nijar, amma rijiya ɗaya muke sha da su, kasuwa ɗaya muke ci.

Labarin ya faro daga inda kowa ya sani: Annabi Ibrahim da ɗansa, da ragon da ya zo a madadin yaron. Littafi Mai Tsarki ya ce Ishaku ne ɗan, mafi yawan malaman Musulunci sun ce Isma'ila ne. Daga nan sai zamanin Annabi Musa, daren da Bani Isra'ila za su fita Masar, inda kowane gida ya yanka ɗan rago. Idin tunawa da wannan dare shi ne Idin Ƙetarewa, kuma daga sunansa na Yahudanci kalmar Faska ta samo asali. Linjila ta ce a daidai kwanakin wannan idi aka kama Yesu Almasihu a birnin Ƙudus aka gicciye shi ranar Juma'a. Shi ya sa Kirista ke kiransa Ɗan Ragon Allah. A ganinsu duk dabbobin da aka yi ta yankawa a da nuni ne kawai, shi ne hadayar gaske, ya miƙa kansa da yardarsa domin zunubin mutane, sau ɗaya, kuma ta wadatar. Wanda ya yi imani da haka ba ya sake ɗaukar wuƙa da sunan ibada. Ragon Kirista, in ji su, an riga an bayar da shi.

Wani zai ce ai ran salla yana jin ƙamshin nama daga gidan maƙwabcinsa Kirista. Gaskiya ne, amma naman biki ne, irin na suna ko na aure. Gidaje da yawa ma mahauci Musulmi suke kira ya yanka musu akuya ko zabi, don idan an aika kwano maƙwabta kowa ya ci hankali kwance.

A nan akwai ɗan bambanci tsakanin Kiristocin kansu. Katolika sun ce a duk sallarsu ta Mesa, idan limaminsu ya ɗaga gurasa da ƙoƙon ruwan inabi, hadayar nan guda ɗaya ce ke zama a gabansu, ba wata sabuwa ba. Majami'un bishara, irin waɗanda suka fito daga aikin mishan ɗin SIM mai asibitin Galmi da na Danja, sun ɗauki Jibin Ubangiji a matsayin tunawa. Kan cewa hadayar ɗaya ce, bakinsu ya zo ɗaya.

To in ba a yanka, me mutum ke bayarwa? Nan ne zancen ya sauko cikin rayuwar yau da kullum. Katolika sun raba ƙasarmu gida biyu: yankin Yamai, da yankin Maraɗi wanda aka kafa a 2001, ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Ku dubi faɗin wannan ƙasa. Limami guda na iya riƙe gari da ƙauyukan da ke kewaye, wasu sai a yi makonni bai leƙa ba. Malamin da ke zaune a ƙauyen shi ke tara mutane ran Lahadi, shi ke koya wa yara, shi ke raka gawa maƙabarta, kuma mafi yawa manomi ne kamar kowa, gonarsa tana jiransa. Zumuntar mata ke share majami'a, su kai wa marar lafiya fura, su yi karo-karo idan wata ta haihu ko mijinta ya rasu. Da kaka, wanda ba shi da kuɗi ya kawo damin hatsi ko kwanon wake. Idan Kirista ya ce yana miƙa kansa hadaya, irin waɗannan yake nufi: lokacinsa, guminsa, da abin da ke cikin rumbunsa.

Azuminsu ma haka yake tafiya. Kwana 40 ne, ban da ranakun Lahadi, yana farawa da Larabar Toka, ranar da ake shafa wa kowa toka a goshi don ya tuna daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Tokar daga ganyen dabinon bara ake samunta, wanda aka adana aka ƙone. Azumin bai yi kama da na Ramadan ba, don ana shan ruwa. Abin da dokar Katolika ta wajabta shi ne rage abinci ranar Larabar Toka da Juma'ar gicciye, da barin nama duk Juma'a. Sauran kowa ya dubi abin da ransa ya fi so ya bari: wani shayi, wani taba, wani gulma, wadda mu a ganinmu ta fi sauran wuyar bari. Kuɗin da aka rage ba a mai da shi aljihu, ana tarawa a ba mabukata. A 2025 azumin Ramadan da na Kirista sun kama da tazarar ƴan kwanaki kaɗan, sai ga unguwa guda kowa da irin nasa kamun baki.

Makon ƙarshe shi ne mafi nauyi. Ran Alhamis da yamma limami yakan ɗaura zane ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutane goma sha biyu, koyi da abin da Yesu ya yi wa almajiransa. A ƙasar da babba ba ya ɗaukar wa yaro buta, wannan abin kallo ne. Daga daren nan ƙararrawa ta yi shiru. Ran Juma'a ana bin hanyar gicciye, zango 14, ana tsayawa ana addu'a a kowane zango, galibi wajen ƙarfe uku na rana, lokacin da Linjila ta ce Yesu ya cika. Wanda ya san ƙarfe uku na watan Afrilu a Tawa ya san ba wasa ba ne. Asabar da rana majami'a fayau, ba ado, ba waƙa. Sai dare ya yi a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir daga gare ta, kowa ya kunna nasa daga na kusa da shi har ɗakin ya haskaka. A daren nan ake yi wa manya baftisma bayan sun daɗe suna karatu, a buga ganga, mata su yi guɗa. Kirista sun yi imani cewa da asubahin Lahadi mata suka je kabari suka tarar ba kowa, Yesu ya tashi da jikinsa.

Don a gane yadda hadaya da tashi suka ɗaure da juna, Linjilar Yahaya ta kawo misalin ƙwayar iri, wadda sai ta shiga ƙasa ta ruɓe kafin ta ba da amfani. Manzo Bulus ma da misalin shuka ya yi wa mutanen Korinti bayanin tashin matattu. Manomin ƙasarmu ba ya bukatar a fassara masa wannan. Mu ne masu shukar binne, ko bizne a bakin wasunmu. Rumbu ya yi ƙasa, yara na kallon ɗan hatsin da ya rage, hadari bai ko haɗu ba, amma maigida ya ɗebi irin ya je ya turbuɗe shi cikin busasshen rairayi ya dawo hannu wofi. Kalmar da muke yi wa gawa ita muke yi wa irin nan. Kirista na cewa abin da aka bayar saboda Allah kamar binne ne, kuma tashin Yesu shi ne ruwan farko da ya tabbatar musu irin bai ɓata ba. Bulus ya ma faɗa musu ƙarara cewa in babu tashin nan, bangaskiyarsu duka aikin banza ce.

Wannan imani ya gamu da jarrabawa a idonmu. Ran 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u da dama da makarantu da gidajen Kirista, mutum goma suka rasa rayukansu, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su da hannu cikin zanen nan ko kaɗan. Kada kuma mu manta akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin ɗakunansu, suna sane da abin da ka iya samunsu. Wata guda bayan haka Larabar Toka ta zo, sallar Faska kuma ta faɗo ran 5 ga Afrilu, bai cika wata uku da gobarar ba. Wasu ikilisiyoyi a ƙarƙashin rumfa suka yi ta, kusa da bangon da ya sha hayaƙi. Shugabannin majami'u, Katolika da na bishara, gafara suka kira mabiyansu su yi, ba a ji sun nemi ramuwa ba.

Kada a ɗauka gafarar nan ta zo da sauƙi. Wanda aka ƙone masa gida da injin ɗinkinsa, kuma ya gane fuskar wasu daga cikin masu ƙonawar, yana haɗuwa da su a kasuwa, shi ya san abin da ya haɗiye. A koyarwarsu, haƙƙin ramuwar da ya ajiye shi ma hadaya ne, watakila ma mafi tsada. Irin wannan magana muka sake ji daga bakin Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya da aka sace a Bomowanga, can yamma kusa da iyakar Burkina Faso, a watan Satumban 2018. Sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali, kuma ya fito ya ce ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Gafara ba ta hana hukuma yin aikinta, ba ta kuma biya wa kowa asararsa. Wannan nauyi yana wuyanmu duka.

Ga ƴan'uwanmu da ke Kano, Akara, Kwatano ko Libiya masu tambayar ranar da za su kira gida: sallar Faska ba ta da tsayayyar rana kamar Kirsimeti. Da wata ake lissafinta, Lahadin farko bayan cikar farin wata da ta zo daga 21 ga Maris, don haka tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Litinin da ke biye ranar hutu ce a Nijar, ma'aikatu da lakol a rufe. Bikin a majami'a yakan ci gaba har kwana 50. Wanda ya gamu da maƙwabcinsa Kirista a kwanakin nan, "barka da salla" ta isa, shi ma da ita yake gaishe ku ran layya.