Yadda Mai Ingilishi Ke Neman Bakin Zare

Duk wanda ya zauna a Gaya ta Nijar, garin da kogin Kwara ya raba shi da Malanbil ta ƙasar Benin, hanya kuma ta sada shi da Kamba ta Jihar Kebbi, ya san cewa kunnen mutanen garin ya saba da Dendanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, da Faransancin lakwal da na ma'aikata. Amma Ingilishi baƙo ne mai shigowa ta gabas, a bakin direbobi da fatake da jami'an kwastan na Nijeriya, kuma galibi ba a jin sa sosai sai mushkila ta auku. Mushkila kuwa ba ta yi ƙaranci ba, domin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 har Disamban 2020, sannan aka datse gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kowa na tambayar abin da ake ciki.

Idan al'amari ya rikice wa Bahaushe, sai ya ce yana neman bakin zaren, ko bai gane inda aka dosa ba. Malamanmu kuma su ce ana bukatar tadabburi da tahƙiƙi. Shi mai Ingilishi hanyoyinsa daban ne. Wani lokaci yana ɗaukar fahimta tamkar lissafi, ya ce zai yi "figure out", lafazin da asalinsa adadi ne, watau zai tara ya ɗebe har jawabi ya fito. Wani lokaci ya ce sai ya kai ga ƙasan maganar, wanda ke nuna yana zaton an binne wani abu. Idan kuwa lamarin ya fi ƙarfin hankalinsa, sai ya ce ya kasa naɗe kansa a kewayensa, kuma wannan iƙirari ne na gajiyawa, babu zargi a cikinsa.

Inda haɗarin yake, a ganina, shi ne lafuzza biyu masu taushi. Na farko "I see", wanda zahirinsa "na gani", har falke ya ɗauka an yarda da shi, alhali mai maganar ya shaida ne kawai cewa ya ji, hukuncinsa kuwa yana nan a ɓoye. Na biyu shi ne jami'i ya riƙe takardar kaya da hannun hagu, yana bin layukanta da bakin biro, ya ɗaga kai ya dubi buhunan da ke kan mota, sannan ya ce cikin ladabi, "Alhaji, taimake ni in fahimta." Wallahi ba jahilci ne ya sa shi faɗin haka ba, ya riga ya ga saɓani tsakanin adadin da aka rubuta da wanda aka ɗora, yana kuma ba mai kaya damar kawo hujja kafin a kai ga tuhuma.

A nan ne mutanenmu kan yi hasara, domin tarbiyyarmu ta koya mana fara magana da doguwar gaisuwa da tarihin tafiya, shi kuwa mai tambayar yana ɗaukar wannan a matsayin kwana-kwana. Abin da ya dace shi ne a ce, "Yallaɓai, ga dalili," a miƙa rasiɗi, a ambaci wurin da aka ƙara lodi da wanda ya sa hannu, a bar sauran zance sai an mayar da takarda.