Sauya Mudu A Tsakiyar Ciniki: Darasin Da Na Koya A Mashi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar hatsi ya san cewa ba abin da ke haddasa gardama kamar ma'auni. Kawuna ya shafe fiye da shekara 30 yana fataucin riɗi da wake da aya a garin Mashi, kan hanyar Katsina zuwa Daura, kuma ni ne nake riƙe masa littafin lissafi. A shekarar 2017 na shawo kansa muka buɗe shafin intanet domin masu saro kaya daga Kano da Legas su riƙa ganin abin da muke da shi. Wani matashi ne ya gina mana shafin, ya kuma liƙa masa manhajar Google Analytics, wadda ke ƙidaya masu leƙowa, ta nuna garin da suke da irin hajar da suka duba.

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan ma'auni. A 2005 kamfanin Google ya sayi wani kamfani mai suna Urchin, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya fitar da Google Analytics kyauta. A 2012 aka ƙaddamar da samfurin Universal Analytics, wanda shi ne muka yi ta amfani da shi. A Oktoba 2020 sai ga sabon samfuri, Google Analytics 4. A Maris 2022 kamfanin ya sanar cewa tsohon zai daina karɓar sababbin alƙaluma daga 1 ga Yuli, 2023, daga baya kuma aka sa 1 ga Yuli, 2024 a matsayin ranar da za a rufe ƙofar tsofaffin bayanan baki ɗaya. Wato dai an ba duniya wa'adin fiye da shekara biyu. Mu ne muka yi barci.

Dalilin barcin shi ne, duk saƙonnin gargaɗi suna zuwa ne adireshin imel na matashin nan, domin da sunansa ya buɗe asusun, shi kuwa tuni ya bar gari. Ban farga ba sai a farkon 2024, lokacin da na nemi kwatanta cinikin kakar bana da na bara. Sai da na yi makonni ina cigiya kafin na same shi ya miƙa mini ragamar asusun. Na samu na kwafe jimillar kowane wata zuwa kwamfutata, amma rabe-raben garuruwa na shekarun farko ban kai gare su ba har aka rufe. Sabon samfurin ba ya ɗaukar tarihin tsohon. Daga ranar da aka kunna shi yake fara ƙidaya.

Matsala ta biyu ta fi ta farko haɗari. Da na kai wa Kawu sababbin alƙaluma, ya ga adadin ziyara ya ragu, sai ya ce, "Ɗana, ashe mutanen Legas sun juya mana baya? To bana ba zan tara aya ba." Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri na kwana biyu in bincika." Abin da na gano shi ne mudun ne ya sauya. Tsohon tsari yana gina lissafinsa a kan ziyara da buɗe shafi, kuma idan mutum yana kan shafin har ƙarfe 12 na dare ta wuce, sai ya ƙirga masa ziyara biyu. Haka ma idan ya sake shigowa ta wata tallar dabam. Sabon ba ya yin haka. Shi kowane motsi yake ƙirgawa, kamar gangarawa ƙasan shafi ko latsa mahaɗi, kuma ziyarar da yake ɗauka mai amfani ita ce wadda ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe shafi biyu, ko aka aikata abin da mai shafin ya ware a matsayin muhimmi. Kwatanta alƙaluman biyu tamkar auna gero da tiya ne yau, gobe a auna da wani kwano, sannan a ce buhu ya rage. Da na duba littafin ciniki, odar aya ba ta ragu ba. Da Kawu ya bi allon kwamfuta, da ya yi asarar kaka guda.

Sauyin yana da nasaba da batun sirrin jama'a. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayu 2018, kuma a 2022 hukumomin Ostiriya da Faransa da Italiya suka yanke cewa yadda wasu shafuka ke tura bayanan masu ziyara zuwa Amurka ta tsohon tsarin ya saɓa wa dokar. A nan gida ma, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai a Yuni 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Saboda haka ɗan kasuwar da ke tattara bayanan abokan cinikinsa amana ce a wuyansa, ko a Mashi yake ko a Abuja.

Ga 'yan'uwana ma'aikata da 'yan boko da ke kula da kasuwancin iyayenmu, shawarata huɗu ce. Na farko, a buɗe kowane asusu da imel na kasuwancin, mai dukiya ya riƙe kalmar sirri, masanin kwamfuta kuwa a ba shi izinin shiga kawai. Na biyu, a shiga saitin sabuwar manhajar a ƙara wa'adin adana cikakkun bayanai daga wata 2 zuwa wata 14, domin a kan wata 2 take zuwa. Na uku, a ware abin da ke kawo kuɗi a riƙa ƙirga shi. A wurinmu latsa lambar WhatsApp ne, domin a can ake ƙulla ciniki. Na huɗu, duk ƙarshen wata a kwafe alƙaluma a ajiye a gida. Mai son riƙe bayanansa a hannunsa yana iya duba Matomo, manhajar da ake girkawa a kan na'urar da mutum ke iko da ita.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Littafin bashin da Kawu ya rubuta tun kafin a haife ni yana nan cikin akwatinsa, alhali wani ɓangare na tarihin shafinmu na shekara shida ya tafi ke nan. Yanzu duk wata nakan buga alƙaluman a takarda, in sa su cikin wannan akwatin. Allah Ya sa mu dace.