Tsofaffin Kat-kat: Dukiyar da Ke Kwance a Garajojinmu

A bayan garajojin Damagaram, Agadas, Tawa da Maraɗi, ba a rasa wata tsohuwar kat-kat da aka ɗora kan duwatsu, tayoyi sun sace, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Mai ita na jiran masu sayen tsohon ƙarfe su auna ta a sikeli. Amma a Amurka, Turai da Japan akwai masu tara tsofaffin motoci da ke farautar irin waɗannan, kuma an sha sayar da Toyota Land Cruiser samfurin FJ40 da aka gyara tsaf a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka 100,000, wato sama da miliyan 50 na Sefa.

Ba kowace tsohuwar mota ce ke da wannan daraja ba. Shi ya sa ya kamata mai mota ya san abin da ke hannunsa kafin ya yi ciniki.

Land Cruiser: sirrin na cikin haruffa

Kamfanin Toyota ya fara ƙera wannan mota a 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Wadda masu tarawa suka fi so ita ce jerin 40, da aka ƙera a Japan daga 1960 zuwa 1984.

Sunan kowane samfuri yana bayyana abin da ke cikinsa. Harafin F na nufin injin esansi mai silinda shida, B injin gazuwal mai silinda huɗu, H kuma gazuwal mai silinda shida. Lambar da ke biye tana nuna tsawo: 40 gajera ce, 43 matsakaiciya, 45 da 47 dogaye, waɗanda galibi a-kori-kura ne ko masu ɗaukar mutane da yawa. Ke nan BJ40 gajera ce mai shan gazuwal, FJ45 kuma doguwa mai shan esansi.

Fuskar motar ma na faɗin shekarunta. Ƙarfen da ya kewaye fitilun gaba yana da lanƙwasa a tsofaffin, daga 1979 aka mayar da shi mai kusurwa. A jerin 60, wanda ya fito a 1980, na farko suna da fitilu biyu masu zagaye, na ƙarshen shekarun 1980 kuma fitilu huɗu masu kusurwa. Jerin 70, da muka fi gani a hanyoyin Agadas da Dirku, ya fara ne a 1984 kuma har yau ana ƙera shi, don haka na farkonsa ne kawai suka shiga sahun tsofaffi.

Land Rover: a dubi fitila da maganaɗisu

An fara nuna Land Rover a baje kolin motoci na Amsterdam a watan Afrilun 1948. Saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, an yi jikinta da alminiyom. Wannan ya ba da gwaji mai sauƙi: maganaɗisu ba ya kama ƙofar Land Rover ta asali. Sai dai shasinta na ƙarfe ne, kuma nan tsatsa ke ɓoyewa.

Jeri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971. Idan fitilun na tsakiya, kusa da ragar gaba, motar ta girmi ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka mayar da su gefe. Ragar gaba ta roba da agogunan da ke gaban direba alamun jeri na uku ne. Akwai kuma waɗanda kamfanin Santana ya haɗa a Sifaniya da izinin Land Rover. Sun yi kama sosai, amma masu saye na bambanta su. Sunan Defender ya zo a 1990, kuma an daina ƙera tsohon samfurinta a Solihull a watan Janairun 2016, abin da ya ƙara wa tsofaffin farin jini.

Abin da mai saye ke dubawa

Abu na farko shi ne lambar shasi. A Land Cruiser jerin 40 an buga ta a jikin ƙarfen shasi ta gaba, kuma dole ta dace da ƙaramin allon da kamfani ya liƙa da kuma takardun motar. Idan an goge ta ko an sake bugawa, ciniki ya lalace.

Na biyu shi ne asali. Injin da mota ta fito da shi, kujeru, sitiyari, har fentin farko ko da ya koɗe, sun fi daraja a wurin masu tarawa fiye da sabon fenti mai ƙyalli. A nan motocinmu ke da riba da hasara. Busasshiyar iskar ƙasarmu ta kare su daga tsatsar da gishirin kan hanya ke jawowa a ƙasashen sanyi. Amma lodi fiye da ƙima da hanyoyin hamada sun sa an yi wa da yawa walda a shasi, an sauya musu inji, wasu ma an haɗa su daga gawar mota biyu ko uku.

Doka ma na tura kasuwar. Amurka na barin a shigar da motar da ta kai shekara 25 ba tare da ta cika ƙa'idojin kariya na sababbi ba, Faransa kuma na ba motar da ta kai shekara 30 takardar motar tarihi. A 2021 Toyota ta sanar da cewa za ta koma ƙera wasu kayan gyaran jerin 40.

Sai dai a kula: waɗancan manyan kuɗaɗe na motar da aka kwance ta ƙusa-ƙusa aka sake ginawa ne. Wadda ke kan duwatsu ba za ta kai ko kusa ba, amma idan shasinta lafiya lau yake kuma takardu sun cika, ta wuce kuɗin kilo nesa ba kusa ba.

Tarihinmu ne ma

Waɗannan motoci sun yi jigilar likitocin rigakafi, masu haƙar rijiyoyi da abincin agaji a farin shekarun 1970 da 1980. Gasar Paris-Dakar ta farko, da ta tashi ranar 26 ga Disamban 1978, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Range Rover ce ta zo kan gaba a ɓangaren motoci.

Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ya adana kututturen itacen Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973. Motocin da suka buɗe waɗannan hanyoyi ma sun cancanci wurin ajiya. Kafin a kira mai sikeli, a share ƙurar da ke kan shasi, a karanta lambar, a nemo takardun, sannan a tambayi makanikin da ya san tsofaffin motoci.