Labaran Talabijin da Hausa a Kaduna: Tarihinsu da Matsalar Fassara

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun yi rubuce-rubuce da dama game da gudummawar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da gidajen rediyo suka bayar wajen raya Hausa, amma ba a cika waiwayar labaran talabijin ba. A cikin wannan maƙala za a bi tarihin shirin labarai da Hausa na gidan talabijin na Kaduna, tun daga kafa gidan a 1962. Abin da ake so a nuna shi ne, abubuwa biyu ne suka tsara kamannin wannan shiri: na farko, hannun da ke riƙe da gidan; na biyu kuwa, harshen da ake fara rubuta labari da shi kafin ya iso bakin mai karantawa.

2.0 Asalin Gidan

Siyasa ce ta haifi talabijin a Nijeriya. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Cif Awolowo ta gidan rediyon gwamnati, aka kuma hana Awolowo damar mayar da martani. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohin nan uku ikon kafa gidajen watsa labarai nasu, sai kowace ta ɗaura niyya. Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Badun ranar 31 ga Oktoba, 1959, Jihar Gabas ta bi sahu a Inugu a 1960. Ita kuwa Jihar Arewa, a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kafa kamfanin BCNN tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, aka fara aiki a Kaduna cikin watan Maris, 1962. Rediyo da talabijin duka a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Manufa ita ce Arewa ta sami bakin faɗar albarkacinta, tun da yake galibin manyan jaridun lokacin a Ikko ake buga su, da Turanci.

To, amma tagwayen nan biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Rediyo mai gajeren zango yana ratsa Arewa duka, har ya tsallaka Nijar da Kamaru da Gana, kuma da batur yake aiki. Hoton talabijin kuwa ba ya yin nisa daga turken da ke watsa shi, yana bukatar wutar lantarki, akwatinsa kuma yana da tsada. Saboda haka masu kallo na farko mazauna Kaduna da Zariya da Kano ne, yawancinsu manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda da dama daga cikinsu suna jin Turanci. Ke nan labaran Hausa na talabijin sun tashi ne a matsayin ƙane ga yayye biyu: labaran Turanci, waɗanda daga gare su ake fassaro su, da labaran Hausa na rediyo, waɗanda daga gare su suka gaji kalmomi da salon karatu. Gidajen kallo na jama'a da hukumomi suka riƙa buɗewa su ne suka fara kai hoton ga talaka, a nan ne kuma amfanin Hausa ya fito fili.

3.0 Sauyin Masu Gida

Ranar 15 ga Janairu, 1966 aka kashe Sardauna, kuma ta rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, gidan ya koma hannun hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorin haɗin gwiwa na jihohin. Tun daga nan kalmar “gida” a cikin “labaran gida” ta fara canza ma'ana, domin kowace jiha tana so a ji nata labarin. Jihar Binuwai da Filato ma ta kafa nata talabijin a Jos a 1974.

Babban sauyi ya zo da doka mai lamba 24 ta 1977, wadda ta kafa hukumar NTA, ta kuma danƙa mata dukan gidajen talabijin na ƙasa. A 1978 sashen rediyo ya shiga ƙarƙashin hukumar FRCN. Ta haka aka raba tagwayen, talabijin na Kaduna ya zama tasha ɗaya daga cikin tashoshin Tarayya. A wancan lokaci labaran ƙasa na ƙarfe tara na dare, da Turanci, daga Ikko suke zuwa, kuma wajibi ne kowace tasha ta ɗauka. Watau sa'ar da iyali suka fi taruwa gaban akwati ta zama ta Turanci, Hausa ta koma neman gurbi a gefe.

Tsarin mulkin 1979 ya maido wa jihohi ikon mallakar talabijin. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ta kafa tashar CTV a Kano, wadda daga baya aka sa wa sunansa, alhali jam'iyyar NPN ce ke riƙe da Tarayya. Mai kallo ya sami damar jin labari guda ta baki biyu. Dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, tashar DITV ta fara aiki a Kaduna a 1994, sa'an nan a 2014 Arewa24 ta zo ta tauraron ɗan Adam da shirye-shiryen Hausa zalla. Shirin da a da shi kaɗai ne a fage ya zama ɗaya cikin tuli.

4.0 Hanyar da Labari ke Bi

Duk da waɗannan sauye-sauye, hanyar da labari ke bi a ɗakin labarai ba ta canza da sauri ba. Labaran waje da Turanci suke shigowa daga kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters, haka ma na Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1978. Sanarwar ma'aikatu da Turanci take. Edita ya tace, ya jera, sa'an nan a miƙa wa mai fassara, sau da yawa lokaci ya riga ya ƙure.

Wannan tsari yana haifar da wani abin mamaki. A ce wakili ya je ƙauye, manomi ya yi masa bayanin ɓarnar fari da Hausa. Wakili ya rubuta rahoto da Turanci, mai fassara kuma ya sake juya shi zuwa Hausa. Magana ta yi tafiya ta dawo gida, amma ta zubar da kayanta a hanya. A rediyo ana iya rufe wannan aibi. A talabijin kuwa, da zarar an saki muryar manomin, mai kallo zai ji Hausa iri biyu a jere: ta mai magana da ta takarda. Ta wannan kafa ce kuma Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci suke shiga shirin, su zauna kusa da daidaitacciyar Hausar mai karantawa.

Bugu da ƙari, hoto ba ya jira. A zamanin fim, sai an wanke an yanka kafin a nuna, kuma gwargwadon tsawon rubutun Turanci ake yankawa. Fassara kuwa takan fi asali tsawo, musamman inda kalma ɗaya ke bukatar bayani. Dole mai fassara ya datse, ko kuma mai karatu ya yi ta sauri.

5.0 Tasiri a kan Harshe

Ana iya kasa tasirin gida uku. Na farko shi ne kalmomi. Shirin ya gaji keɓaɓɓun kalmomi daga jarida da rediyo, kamar “Majalisar Ɗinkin Duniya” da “yaƙin cacar baka” da “wariyar launin fata” da “jirgin sama mai saukar ungulu”. Abin da talabijin ya ƙara shi ne haɗa kalma da kamanninta: wanda ya ga jirgin yana sauka ba ya bukatar a yi masa sharhin sunan. Haka nan a 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam da sule, nuna kuɗin ya fi dogon bayani.

Na biyu shi ne ginin jimla, kuma a nan ne ɓarna ta fi yawa. Alal misali:

(a) An kashe mutum uku ta hannun 'yan fashi.
(b) 'Yan fashi sun kashe mutum uku.

Jimla ta (a) ƙirar Turanci ce sanye da rigar Hausa, ta (b) ita ce maganar Bahaushe. Haka kuma akan ji an ce gwamnati “ba za ta bar wani dutse ba tare da ta juya shi ba”, alhali “ba za ta yi ƙasa a gwiwa ba” ta wadatar. Abin tsoro shi ne, abin da yaro ya saba ji kullum daga bakin mutum mai kwarjini, shi zai ɗauka daidai.

Na uku shi ne rubutu da karatu. Keken rubutu na ofis ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai dai a bi da alƙalami a gyara. In an manta, “sojoji sun kare garin” da “sojoji sun ƙare garin” kamanninsu ɗaya a takarda, ga shi kuwa tsakaninsu akwai rai da mutuwa. Har ila yau, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka “fari” na launi da na rashin ruwa da na farko duk ɗaya ake rubuta su. Gwanin karatu shi ne wanda idonsa ke riga bakinsa isa ƙarshen jimla.

6.0 Kammalawa

An ga yadda shirin ya tashi daga muryar Jihar Arewa ya koma na tashar Tarayya, kuma a duk tsawon tafiyar Hausa ta fi zama harshen isar da labari bisa ga zama harshen rubuta shi. Gyara yana wuyan ɓangarori biyu. Gidajen talabijin su bar wakili ya rubuta rahotonsa da Hausa tun daga tushe, in ya so a fassara wa sashen Turanci. Su kuma sassan koyar da Hausa na jami'o'i su hanzarta tattara tsofaffin takardun labarai da kaset-kaset, su kuma zanta da tsofaffin masu fassara da masu karatu tun suna raye. Kaset yakan lalace, a da ma saboda tsadarsa akan goge shi a sake ɗauka a kai. Waɗannan takardu shaida ce ta yadda Hausa ta yi ta kokawa da sababbin al'amura dare bayan dare, kuma in suka salwanta babu inda za a samo madadinsu.